Daga Rumbun Ruwa Zuwa Ramin Mutuwa: Tarihin Rami a Wajen Ibraniyawan Dā

Ƙasar tuddai da ke tsakanin Kogin Urdun da Tekun Bahar Rum daminarta a lokacin sanyi take. Ruwa yakan sauko wajen Oktoba ko Nuwamba, ya ɗauke a Afrilu, daga nan a shafe wata biyar ko fiye ba a ga ko yayyafi ba. Birnin Urushalima, wato Kudus, yana samun wajen milimita 550 a shekara. Ba kaɗan ba ne, sai dai a 'yan watanni yake zuba, kuma dutsen yankin mai shan ruwa ne, kafin a ankara ya tsotse. Koguna ba su da yawa, idanun ruwa kuma a kwari suke. Duk wanda ya so kafa gida a kan tudu, dole ya kama ruwan damina ya adana shi har rani ya wuce.

Saboda haka mutanen ƙasar suka riƙa sassaƙa rami a cikin dutse, a tsakar gida ko a bakin gona, su ja masa magudana daga rufin ɗaki. Irin wannan ramin shi ake kira bor da Ibrananci. Suna bambanta shi da be'er, wato rijiyar da aka haƙa har aka cim ma ruwan ƙarƙashin ƙasa. Rijiya tana da idonta. Shi kuwa bor ba shi da komai sai abin da sama ta zuba masa. Bakinsa ƙunci gare shi, daidai yadda dutse ɗaya zai rufe, cikinsa kuwa yana buɗewa yayin da ake gangarawa, kuma sau da yawa ana shafe bangonsa da farar ƙasa don kada ruwa ya tsiyaye. Wannan siffa ita ce mabuɗin duk abin da ya biyo baya. Ta dace da ajiyar ruwa, domin ƙaramin baki yana hana rana ƙafar da shi, yana rage ƙura da dabbobi. Amma mutumin da ya faɗa ciki ba shi da abin kamawa. Bangon sumul yake, kuma ya rankwafo a kansa. In ba wani ya leƙo daga sama ya zura igiya ba, nan zai ƙare.

Masanin tonon tarihi ɗan Amurka William Albright ya taɓa cewa dabarar shafe da farar ƙasa ce ta ba Bani Isra'ila damar cika tuddan da ƙauyuka wajen shekara ta 1200 kafin haihuwar Annabi Isa. Binciken da ya biyo baya ya sassauta wannan ra'ayi, domin an gano ramuka masu shafe da suka girmi wancan zamani, an kuma ga ƙauyukan da aka sassaƙa nasu a cikin dutsen alli mai riƙe ruwa ba tare da shafe ba. Abin da bai canja ba shi ne, a zamanin sarakunan Isra'ila da Yahuda ramin ruwa ya zama kayan gida. A tudun Tell en-Nasbeh, wanda masana da yawa suke ɗauka shi ne tsohon garin Mizfa, tonon da William Badè ya jagoranta daga 1926 zuwa 1935 ya fito da irin waɗannan ramuka gommai a cikin gari ɗaya. Maƙwabta ma haka suke. A kan dutsen Mesha sarkin Mowab, wanda aka rubuta wajen 840 kafin haihuwar Annabi Isa, aka gano shi a Dhiban ta Jodan a 1868, sarkin yana alfahari da cewa ya tarar da gari ba shi da ramin ruwa, sai ya umarci kowane magidanci ya haƙa nasa a gidansa. Kalmar da ya yi amfani da ita 'yar'uwar ta Ibrananci ce.

Mallakar rami alama ce ta kwanciyar hankali. Lokacin da rundunar Sennakerib sarkin Assuriya ta tsaya a bakin ganuwar Urushalima a 701 kafin haihuwar Annabi Isa, Littafin Sarakuna ya ce jakadansa ya yi wa mutanen birnin romon baka, cewa in sun miƙa wuya kowa zai ci daga inabinsa da ɓaurensa, ya sha daga ramin ruwansa. Littafin Karin Magana ya ɗauki wannan ya yi wa magidanci nasihar ya tsaya ga matarsa. Doka ma ta shigo ciki. A Littafin Fitowa, wanda ya buɗe rami ko ya haƙa bai rufe ba, har sa ko jakin wani ya faɗa, shi zai biya, mushen kuma ya zama nasa. Ƙarnoni bayan haka, malaman Yahudawa da suka tattara Mishna wajen shekara ta 200 Miladiyya sun sanya rami cikin tushen ɓarna guda huɗu, tare da ƙayyade cewa zurfin faɗin tafin hannu goma ya isa a ɗora wa mai rami alhakin mutuwar dabba.

Ramin da Ya Zama Kurkuku

Rami yakan tsage, ruwa ya gudu. Ko bai tsage ba, a ƙarshen rani yakan ƙafe, sai laka a gindi. A nan ne ya sami aikinsa na biyu. Littafin Farawa ya ce 'yan'uwan Yusufu sun kama shi a Dotan, wani wuri arewa da Shekem, kusa da Jenin ta yau, a kan hanyar fatake masu gangarawa Masar. Babban wansu Ra'ubainu ne ya hana a zubar da jini, ya ba da shawarar a jefa yaron cikin rami, da niyyar ya zagayo ya fitar da shi. Marubucin ya tsaya ya bayyana cewa ramin babu ruwa a ciki. Dabarar a fili take: rami yana kashewa ba tare da hannun kowa ya taɓa jini ba. Daga baya, a Masar, da Yusufu yake ba mai shayar da Fir'auna labarin zaluncin da aka yi masa, gidan sarƙar da yake ciki ma bor ya kira shi, kuma ranar da aka aiko a kai shi fada, daga bor aka ce an fito da shi. Mai karatun Ibrananci yana ganin mutum ɗaya ya shiga rami sau biyu, kuma duka biyun wasu ne suka jawo shi.

Musulmi sun san wannan ƙissa daga Suratu Yusuf, inda kalmar ita ce jubb, kuma mai ɗebo wa ayari ruwa ne ya zura guga ya tarar da yaron. Kalmar tana da 'yar'uwa a harshen Aramaik, wadda da ita aka kira ramin zakunan da aka jefa Daniyel. A Galili, arewa da Tafkin Tabariya, akwai wurin da ake kira Jubb Yusuf, da kangon wani masaukin fatake a gefensa, inda matafiya Musulmi suka daɗe suna yada zango.

Labarin da ya fi kowane bayyana yadda abin yake shi ne na Irmiya. Wajen 588 kafin haihuwar Annabi Isa, rundunar Nebukadnezzar ta Babila ta kewaye Urushalima, abinci yana ƙarewa, shi kuwa Irmiya yana shela cewa birnin zai faɗi, wanda ya fita ya miƙa wuya ne kaɗai zai tsira da ransa. Fadawa huɗu suka kai ƙararsa wurin Sarki Zadakiya cewa yana karya wa mayaƙa gwiwa. Sarki, wanda ba ya iya musa wa manyansa, ya sakar musu shi. Suka zura shi da igiya cikin ramin Malkiya ɗan sarki a farfajiyar masu gadi. Babu ruwa a ciki sai taɓo, Irmiya kuwa ya nutse a ciki. Biyu daga cikin waɗannan fadawa sun sake bayyana a zamaninmu: a tonon da Eilat Mazar ta yi a tsohon Birnin Dawuda, an sami tambarin yumɓu mai sunan Yehukal ɗan Shelemiya a 2005, da wani mai sunan Gedaliya ɗan Fashur a 2008.

Wanda ya cece shi ba ɗan ƙasa ba ne. Ebed-melek sunansa, bafade mutumin Kush, ƙasar da ke kudu da Masar, a yankin Sudan ta yau. Ya sami sarki yana zaune a Ƙofar Biliyaminu, ya gaya masa a fili cewa an yi mugunta, mutumin nan yunwa za ta kashe shi. Sarki ya ba shi mutane. Kafin ya tafi bakin ramin, sai ya biya ta wani ɗakin ajiya na fada ya kwaso tsummoki da tsofaffin tufafi, ya zura wa Irmiya su, ya ce ya cusa a hammata don kada igiya ta yanke shi. Wanda ya taɓa ganin an ciro mutum daga laka ne kawai zai yi wannan tunani. Birnin ya faɗi a 586, ko 587 a lissafin wasu masana. Ba da daɗewa ba aka kashe Gedaliya ɗan Ahikam, gwamnan da Babila ta naɗa a Mizfa, kuma wanda ya kashe shi, Isma'ilu ɗan Netaniya, ya hallaka maziyarta 70 daga cikin 80 da suka zo daga Shekem da Shilo da Samariya, ya zuba gawawwakinsu a babban ramin da Sarki Asa ya haƙa tun dā saboda yaƙi. Rumbun ruwa ya zama kurkuku, kurkuku ya zama kabari, duk a rayuwar mutum ɗaya.

Irmiyan nan ne kuma ya mayar da rami wa'azi. Ya ce jama'arsa sun yi laifi biyu: sun rabu da Ubangiji wanda yake maɓuɓɓugar ruwa mai gudana, sun koma suna sassaƙa wa kansu ramuka tsagaggu da ba sa riƙe ruwa. Manomin Yahuda bai buƙaci a yi masa fashin baƙi ba. Ya san wahalar sassaƙa dutse wata da watanni, ya kuma san baƙin cikin ɗaga murfi a tsakiyar rani a tarar da wayam.

Masu Gangarawa Rami

Kabarin masu hali a Yahuda shi ma ɗaki ne da aka sassaƙa cikin dutse, da dakali a gefe inda ake shimfiɗa gawa. In nama ya zagwanye, sai a kwashe ƙasusuwan a zuba a wani rami da ke ƙarƙashin dakalin, a kan na iyaye da kakanni. A Ketef Hinnom, kusa da tsohon birnin Urushalima, Gabriel Barkay ya buɗe irin wannan ma'ajiya a 1979 ya tarar da ƙasusuwan mutum aƙalla 95. Mutanen da rayuwarsu ta rataya a kan rami, matattunsu kuma suke taruwa a rami, ba abin mamaki ba ne su ga mutuwa a matsayin gangarawa.

Mazaunin matattu suna kiransa She'ol, sunan da ya zo sama da sau 60 a littattafansu, kuma a waƙoƙi sau da yawa bor ne ke zuwa kafaɗa da kafaɗa da shi. Har suna da laƙabi ga mamata: masu gangarawa rami. A nan ake yawan kuskure, domin mai karatu na yau yana ganin rami sai ya kawo wutar Jahannama a ransa. A tsofaffin rubuce-rubucen babu wuta a She'ol, babu hisabi. Wuri ne mai duhu da ƙura da shiru, kuma na kirki da mugu duk can suke nufa. Yakubu kansa, da aka kawo masa rigar ɗansa Yusufu jina-jina, cewa ya yi da makoki zai gangara can wurin ɗansa. Maƙwabtansu suna da irin wannan hoto. Mutanen Mesofotamiya suna kiran lahira ƙasar da ba a dawowa, allunan Ugarit da aka fara tonowa a gaɓar Siriya a 1929 kuma suna siffanta mutuwa da wani abin bauta mai suna Mot, mai buɗaɗɗen maƙogwaro. Inda Ibraniyawa suka sha bamban shi ne, ba su naɗa wa ramin sarki nasa ba. Amos, tun a ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi gargaɗin cewa ko mutum ya haƙa ya shige She'ol, hannun Ubangiji zai zaƙulo shi.

Abin tsoro a ramin shi ne yankewa. Wanda ya gangara ya rabu da haikali, da taron idi, da yabon Allah. Shi ya sa a Zabura ta 30 da ta 88, da kuma addu'ar Sarki Hezekiya bayan ya tashi daga ciwon da ya kusa kai shi, ake jin mai roƙo yana kafa wa Ubangiji hujja, cewa matacce ba ya yabo, don haka barinsa da rai ya fi riba. Kuma ba sai numfashi ya ɗauke ake shiga ramin ba. Mai jinya da ƙawaye suka guje shi, wanda aka yi wa ƙazafi, wanda magabta suka yi wa zobe, kowanne yana magana kamar ƙafarsa ta riga ta nutse a taɓo. Zabura ta 40 ta ba da hoton ceto da kalmomin da Ebed-melek zai gane: an saurari kuka, an jawo mutum daga laka, an tsayar da shi a kan dutse. A duk waɗannan waƙoƙi ba a taɓa jin wanda ya ce ya hauro da ƙarfinsa ba. Aikin na ciki shi ne kira, fitarwa kuwa daga sama take zuwa. Wannan shi ne jigon tauhidin da ke cikin kalmar, kuma daga siffar ramin kanta aka ɗauko shi. Zabura ta 88 ma ba ta kai ga fitar ba. Ta ƙare mai addu'a yana cikin duhu, amma duk da haka aka bar ta cikin littafin, domin kiran da ba a amsa ba tukuna shi ma ibada ne a wajensu.

Akwai wani ramin dabam, na maharba, wanda ake haƙa wa zaki ko barewa a rufe da ganye. Daga shi aka sami darasin da Zabura ta 7 da Karin Magana da Mai Hadishi suka maimaita, cewa mai haƙa wa wani rami shi ke faɗawa. Bahaushe ya isa ga wannan hikima ta hanyarsa, da ya ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Annabawan zamanin Babila sun juya ramin ya fuskanci manyan sarakuna. Sura ta 14 ta Ishaya tana yi wa sarkin Babila zambo: ya ƙudura zai kafa gadonsa sama da taurari, sai ga shi an tunkuɗa shi can ƙuryar rami, matattun sarakuna suna miƙewa suna tambayar ko shi ma ya zama kamarsu. Ezekiyel, wanda ya yi wa'azi cikin waɗanda aka kwasa zuwa Babila, ya zagaya da Fir'auna cikin ramin yana nuna masa Assuriya da Elam da Edom da mutanen Sidon, kowace daula kwance da rundunarta. A nan aka fara ganin ramin yana da lunguna, wani ya fi wani ƙasƙanci, kuma mafi zurfi na waɗanda suka firgita duniya ne. Bayan dawowa daga bauta, Littafin Zakariya ya yi wa Sihiyona, wato Urushalima, alkawarin sakin ɗaurarrunta daga rami marar ruwa. Ramin Yusufu ya zama sunan zaman baƙunta na al'umma gaba ɗaya.

Yadda Ramin Ya Sami Wuta

Daga ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, Yahudawan Iskandariya suka fara juya littattafansu zuwa Girkanci. Bor suka ba shi kalmar Girka ta ramin ruwa, She'ol kuma suka kira shi Hades, sunan da ya zo da nasa kayan daga tatsuniyoyin Girkawa. Sai wata kalma ta uku, shahat, wadda take iya fitowa daga tushe mai nufin nutsewa ƙasa, ko daga wani mai nufin lalacewa. A Zabura ta 16, inda mawaƙin yake da yaƙinin Allah ba zai bar shi ga shahat ba, masu fassarar suka zaɓi ruɓewa. Wannan zaɓi ya yi nisan tafiya. A Ayyukan Manzanni, Bitrus da Bulus duka sun kafa hujja da shi: Dawuda, wanda ake jingina wa waƙar, ya mutu, an binne shi, jikinsa ya ruɓe, don haka a fahimtarsu waƙar tana nuni ga Almasihu da tashinsa. Masana Ibrananci da yawa a yau suna ganin ma'anar farko ita ce rami, wato kabari, mawaƙin kuma yana roƙon a tsare shi daga mutuwar gaggawa. Kiristoci kuwa sun riƙe karatun manzanni a matsayin cikar ma'anar.

A waɗannan ƙarnonin ne tunanin lahira ya sauya a tsakanin Yahudawa. Littafin Anuhu, wanda cikakkensa ya tsira a harshen Ge'ez na Habasha, ya raba mazaunin matattu zuwa koguna dabam-dabam, na adalai da na masu zunubi, kowa yana jiran shari'a. Sura ta 12 ta Daniyel ta yi maganar masu barci cikin ƙura da za su farka, wasu zuwa rai madawwami, wasu zuwa kunya. Jama'ar Kumran, waɗanda aka fara gano littattafansu a kogunan bakin Tekun Gishiri a 1947, sukan kira waɗanda ba sa bin tafarkinsu mutanen rami. A Wahayin Yahaya, ƙarshen Sabon Alkawari, ramin ya zama marar gindi, hayaƙi na tashi daga cikinsa, yana da mabuɗi da murfi da hatimi, kuma a ciki ake ɗaure Shaiɗan shekara 1,000. Talmud ta Babila ta lissafa sunaye 7 na Gehinnom, wurin azaba, kuma cikinsu har da ramin da taɓon da Zabura ta 40 ta ambata. Wurin da a dā ake kuka a fitar da bawan Allah daga ciki ya koma wurin da ake jefa maƙiyan Allah.

Duk da haka tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba. Sarki Hirudus ya sassaƙa manyan ramukan ruwa a jikin dutsen Masada, masu ɗaukar ruwa wajen kubik mita 40,000, su ne suka sa zama ya yiwu a tsakiyar hamada. Kuma da Rabbi Yohanan ben Zakkai, babban malamin da ya rayu a zamanin rushewar haikali a shekara ta 70 Miladiyya, ya so yabon ɗalibinsa Eliyezer ɗan Hirkanus kan ƙarfin hadda, da rami mai shafe ya kwatanta shi, wanda ba ya zubar da abin da aka zuba masa.

Saboda haka mai karanta waɗannan littattafai yana bukatar ya fara tambayar zamanin da nassi ya fito kafin ya yanke wa rami ma'ana. A bakin Mesha da jakadan Assuriya arziki ne. A labarin Yusufu da Irmiya zaluncin 'yan'uwa ne da na fada. A Zabura bakin mutuwa ne, a Ishaya da Ezekiyel makomar girman kai, a Kumran da Wahayi kuwa gidan azaba. Wanda ya ɗauki ma'anar ƙarshe ya ɗora wa na farko zai mayar da addu'ar majinyaci ta zama kukan ɗan wuta, alhali mai wannan addu'a yana ganin kansa bawan Allah ne da ƙasa ta rufta da shi, kuma har yanzu yana da wanda zai kira.